Gwajin magani a kan ciwon da ke tashi yana komawa: wane tashi za a ƙirga, kuma mutum nawa za a ɗauka?

Tambaya: Wani likitan yara da ke shirin gwada wani magani a kan yara masu sikila ya rubuto yana cewa burinsa shi ne rage tashin ciwo, amma abokan aikinsa sun rabu gida biyu. Wasu sun ce a auna tsawon lokacin da yaro zai yi kafin ciwon ya tashi karo na farko, wasu kuma sun ce a ƙirga duk tashin da aka samu a shekara. Yana son sanin wanne ya fi, wane lissafi ya dace da shi, da kuma yawan yaran da zai ɗauka.

Amsa: Dakta, a irin aikin da ka bayyana, ra'ayina shi ne a ƙirga duk tashin, amma da sharaɗin a yi lissafin ta hanyar da ta san cewa tashi biyar a jikin yaro ɗaya ba daidai yake da tashi ɗaya ɗaya a jikin yara biyar ba. Yawancin kurakuran da ake yi a wannan fanni, tun daga zaɓen hanyar nazari har zuwa ƙayyade yawan mutane, daga mantawa da wannan sharaɗi suke fitowa.

Bari mu fara da tashin farko, domin hanya ce mai mutunci kuma tana da wurinta. Tun da masanin ƙididdiga David Cox ya fito da tsarinsa na lissafi a 1972, kwatanta lokacin da ake ɗauka kafin aukuwar farko ya zama abin da kowa ya iya, kuma kowane mutum yana ba da gudummawar aukuwa ɗaya tak, saboda haka batun dangantakar aukuwa da aukuwa ba ya ma tasowa. Idan abin da ake gudu abu ne da sau ɗaya ma ya isa ya canza rayuwar yaro, wannan ita ce hanyar. Gwajin SPRING da aka yi a Kano da Kaduna a kan yara 220 masu sikila, inda aka kwatanta ƙaramin awo na maganin sikila haidiroksiyuriya da matsakaicin awo, shanyewar ɓarin jiki ta farko ya sa a gaba, kuma hakan daidai ne. Tashin ciwo kuwa dabam ne. Yaron da ciwo ya tasar masa a wata na biyu sannan ya zauna lafiya har ƙarshen shekara, da wanda ya tasar masa a wata na biyu sannan ya ci gaba da kwana a asibiti kowane wata, a idon lissafin tashin farko duk ɗaya ne, alhali babu uwar da za ta yarda da hakan. A ce yara 100 suna da matsakaicin tashi 3 a shekara, da irin bambancin da zan yi amfani da shi a misalin da ke tafe; za a samu tashi wajen 300, na farko daga ciki wajen 78 ne kawai, sauran an zubar. Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba: masu yawan ciwo suna saurin samun tashinsu na farko su fita daga lissafi, kuma sun fi saurin fita a rukunin da bai samu maganin ba, sai a wayi gari waɗanda suka rage a rukunonin biyu ba su yi kama da juna ba kamar yadda ƙuri'a ta raba su da farko. Sakamakon haka magani yakan yi kamar ƙarfinsa yana raguwa ko da bai ragu ba.

Masu binciken sikila sun daɗe da gane wannan. Babban gwajin haidiroksiyuriya da aka wallafa a 1995, wanda ya ƙunshi manya 299 a Amurka da Kanada, yawan tashi a shekara ya ɗauka a matsayin babban ma'auni, inda adadin tsakiya, wato na mutumin da ke tsakiya idan an jera su daga mafi ƙarancin tashi zuwa mafi yawa, ya kasance 2.5 ga masu shan maganin da 4.5 ga masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta. Sun kuma ba da lokacin tashin farko, wata 3.0 da wata 1.5, da na biyu, wata 8.8 da wata 4.6, a matsayin ƙarin bayani. A fannin zazzaɓin cizon sauro ma haka abin ya kasance. Gwajin rigakafin RTS,S a ƙasashen Afirka 7, ciki har da Gana da Burkina Faso, ya fara ba da rahoton kariya ta kusan kashi 56 cikin 100 daga zazzaɓin farko a cikin wata 12 ga yara 'yan wata 5 zuwa 17, amma da aka ƙirga dukkan zazzaɓin da yaran suka yi a cikin kimanin shekara 4, kariyar ta kasance kashi 36 ga waɗanda suka samu allura ta huɗu. Alƙaluman biyu ba su saɓa wa juna ba, tambayoyi biyu suka amsa a tsawon lokaci mabambanci, kuma ta biyun ce ma'aikatar lafiya ke bukata idan za ta lissafa yawan zazzaɓin da za a kauce masa.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake so ka yi kafin ka buɗe kowace manhajar lissafi: rubuta tambayar a jimla ɗaya. Ƙarin ƙa'idar da ake kira ICH E9(R1), wadda aka amince da ita a 2019, ta bukaci a bayyana su wane ne ake magana a kansu, wane magani ake kwatantawa da wane, me ake aunawa, da wane adadi za a taƙaita bambancin, sannan me za a yi idan wani abu ya gitta, kamar barin shan magani, ƙarin jini ko mutuwa. Jimlarka tana iya zama: rabon matsakaicin yawan tashin ciwo cikin wata 12 tsakanin rukunonin biyu, ga yara masu shekaru kaza zuwa kaza, ko sun ci gaba da shan maganin ko sun daina. Da zarar wannan jimla ta tsaya, rabin gardamar da ke tsakanin abokan aikinka za ta mutu da kanta.

Sai ma'anar tashi. A gwajin 1995, tashi yana nufin zuwa asibiti na fiye da awa 4 saboda ciwo tare da karɓar allurar kashe zafi mai ƙarfi. A wurinmu irin wannan ma'ana tana auna abu biyu a haɗe, ciwo da kuma ikon zuwa asibiti. Uwar da ke bayan gari za ta fara da ruwan ɗumi da abin da mai kemis ya ba ta, sai ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sannan ta nemi kuɗin mota. Idan gwajinka ya ɗauki nauyin kuɗin mota da magani, zuwa asibiti zai ƙaru a rukunonin biyu, kuma alƙaluman da ka ɗebo daga tsoffin katunan asibiti ba za su yi daidai da abin da za ka gani ba. Dole ne kuma a rubuta tun farko kwana nawa za su raba tashi da tashi. Yaron da aka sallama ranar Talata aka dawo da shi ranar Alhamis, ci gaban ciwo ɗaya ne ko sabo? Masu gwajin RTS,S sun cire kwana 14 bayan kowane zazzaɓi domin kada a ƙirga ciwo ɗaya sau biyu. Kai ma ka zaɓi tazararka, ka kafa kwamitin likitoci da ba su san rukunin yaro ba su riƙa yanke hukunci, domin tashi biyu ko uku da aka ƙirga ba daidai ba a jikin masu yawan ciwo suna iya karkata sakamako fiye da yadda ake zato.

Yanzu hanyar nazari. Mafi sauƙi shi ne tsarin Poisson, wanda ke ɗauka cewa duk yaran da ke rukuni ɗaya haɗarinsu ɗaya ne, kuma warwatsuwar adadin, wato ma'aunin yadda adadin kowane yaro ke nisanta da matsakaici, daidai take da matsakaicinsa. Duk wanda ya zauna a asibitin sikila ya san ba haka abin yake ba: akwai yaran da ba a ganinsu sai ranar duba lafiya, akwai kuma 'yan kaɗan da ma'aikatan jinya suka haddace lambar katinsu. Idan aka yi amfani da Poisson a irin wannan hali, iyakokin tabbaci, wato tazarar da ake kyautata zaton ainihin tasirin maganin yana cikinta, za su fito a matse fiye da gaskiya, sai a yi shelar nasarar da babu ita. Wanda yake son ya san ko taki yana da kyau, gonaki yake ƙirgawa. Buhu ɗari daga gona ɗaya shaidar gona ɗaya ce. Gyaran da aka fi amfani da shi shi ne tsarin negatif bainomiyal, wanda Greenwood da Yule suka yi amfani da shi tun 1920 a kan haɗurran da ke maimaituwa ga ma'aikatan masana'anta a Ingila. Tsarin yana ba kowane mutum nasa haɗarin, sannan yana da adadi guda, a kira shi k, da ke auna girman bambancin da ke tsakanin mutane. Idan matsakaici m ne, warwatsuwa ta zama m a tara da k sau m sau m. Idan k sifili ne, an koma Poisson. Ana saka tsawon lokacin da aka bi kowane yaro a cikin lissafin, ta yadda wanda aka bi wata 6 ba za a ɗauke shi daidai da wanda aka bi wata 12 ba.

Abokin tafiyarsa shi ne tsarin Andersen da Gill na 1982, wanda ya faɗaɗa na Cox ta yadda mutum yake komawa cikin masu haɗari bayan kowace aukuwa. Shi kaɗai yana da raunin Poisson, amma Lin, Wei, Yang da Ying sun nuna a 2000 yadda za a gyara ƙiyasin warwatsuwarsa ta hanyar ɗaukar kowane mutum a matsayin dunƙule ɗaya, kuma da wannan gyara ba sai an yi wani zato game da yadda tashi ke jawo tashi ba. Fa'idarsa a ƙasarmu ita ce yana barin haɗari ya hau ya sauka yadda ya ga dama, abin da ke da muhimmanci inda zazzaɓin cizon sauro yake cunkushe a ƙarshen damina, sanyin hunturu kuma yake tayar wa masu sikila ciwo. Da irin wannan tsari aka nazarci gwajin da aka yi a Mali da Burkina Faso, aka wallafa a 2021, wanda ya nuna cewa haɗa RTS,S da maganin kariya na damina ya rage zazzaɓi da kusan kashi 63 cikin 100 idan aka kwatanta da maganin kariya shi kaɗai. A mafi yawan lokuta hanyoyin biyu suna ba da amsa kusan ɗaya. Ni nakan sa negatif bainomiyal a matsayin babban nazari idan lokacin bin yara ƙayyadadde ne kuma kusan daidai ga kowa, in ajiye ɗayan domin gwada ƙarfin sakamakon, sannan in zana matsakaicin tarin tashi a kan lokaci ga kowane rukuni, domin wannan zane shi ne abin da likita zai gane da kallo ɗaya.

Akwai wasu biyu da za ka ci karo da su a littattafai, kuma ban ba ka shawarar sa su a gaba ba. Tsarin Prentice, Williams da Peterson na 1981 yana kwatanta tashi na biyu a tsakanin waɗanda suka riga suka yi na farko kawai, kuma waɗannan ba ƙuri'a ce ta zaɓe su ba, ciwo da maganin ne suka tace su. Na Wei, Lin da Weissfeld na 1989 kuma yana ɗaukar kowa a matsayin mai haɗarin tashi na uku tun kafin ya yi na farko, abin da ke wahalar fassarawa. Suna da amfani wajen bincike na gefe, ba wajen yanke hukunci a kan magani ba.

Ka kuma yi hattara da dabarar raba yawan tashin kowane mutum da lokacin da ya yi a gwaji a mayar da shi na shekara. Yaron da ya yi tashi ɗaya a watan farko sannan iyayensa suka ƙaura zai fito da tashi 12 a shekara. Gwajin SUSTAIN na 2017 a kan maganin sikila kirizanlizumab, mai mutum 198, ya ba da adadin tsakiya na tashi 1.63 a shekara ga masu karɓar babban awo da 2.98 ga waɗanda ba su samu maganin ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mahalarta ba su kai ƙarshe ba. Gwajin STAND da ya biyo baya bai ga bambanci ba, har Tarayyar Turai ta janye izinin maganin a 2023. Ba ina cewa hanyar lissafi ce ta jawo wannan saɓani ba. Abin da nake nunawa shi ne sakamako mai kyau daga ƙaramin gwaji a kan abin da ke da bambanci mai yawa tsakanin mutane yana bukatar a riƙe shi da hannu biyu.

Mu zo ga yawan yara, inda k yake nuna ƙarfinsa. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai, kai za ka sa naka. A ce rukunin kwatance yana da tashi 3 a shekara, kana fatan magani ya rage kashi 30 cikin 100 ya koma 2.1, kana son ƙarfin gwaji na kashi 90, wato damar gano bambancin idan da gaske akwai shi, da kuskuren kashi 5 ta ɓangarori biyu, wato damar ganin bambanci alhali babu. Waɗannan biyun na ƙarshe suna ba da 10.5. Logaridim na 0.7, wato rabon 2.1 bisa 3, idan aka ninka shi da kansa yana ba da 0.127. Sai a tara 1 bisa 3 da 1 bisa 2.1, a samu 0.81, a raba da yawan shekarun bi, a ƙara k sau 2. Yawan yara a kowane rukuni shi ne 10.5 sau wannan jimla, a raba da 0.127. Idan aka yi watsi da k, amsar ita ce 67. Idan k ya kasance 0.8, amsar ta koma kusan 200, wato ninki uku. Yanzu ka ce za ka tsawaita bi zuwa shekara 2 domin rage yawan yara: a lissafin Poisson adadin zai rabu biyu ya koma 34, amma da k na 0.8 zai sauka zuwa 166 ne kawai, kuma ko shekara nawa ka ƙara ba zai sauka ƙasa da kimanin 132 ba. Dalili shi ne ƙarin lokaci yana ƙara maka sanin yaran da kake da su, ba ya ƙara maka yara. Saboda haka zubar da kashi uku cikin huɗu na tashi, kamar yadda lissafin tashin farko ke yi, ba ya nufin zubar da kashi uku cikin huɗu na hujja, kuma ribar ƙirga duka ba ta kai yadda yawan aukuwar ke nunawa ba. Idan kana tsammanin kashi 15 za su ɓace, 200 ɗin ta koma wajen 235.

Matsalar ita ce k ne adadin da aka fi jahilta a lokacin tsara gwaji. A misalinmu, k na 0.4 yana bukatar yara 133 a kowane rukuni, na 1.2 kuma wajen 265. Ka ƙiyasta shi daga katunan asibitinka, kana kallon yadda tashi ya rarrabu a tsakanin yara, ba matsakaici kawai ba. Sannan ka rubuta a kundin tsarin binciken cewa a tsakiyar aiki za a sake ƙiyasta k da yawan tashi daga bayanan rukunonin biyu a haɗe, ba tare da buɗe wanda ke shan me ba, a ƙara yara idan akwai bukata. Friede da Schmidli sun yi bayanin wannan hanya a 2010, kuma da yake ba a leƙa bambancin rukunoni ba, kusan ba ta taɓa ma'aunin kuskure. Akwai kuma tarkon da ke tattare da sharaɗin shiga. Idan ka ce sai wanda ya yi tashi 2 ko fiye a bara, za ka kwaso har da yaran da bara ta zo musu da tsanani fiye da al'adarsu, kuma bana za su sauko ko ba magani. Don haka ka yi lissafi da adadin da ya gaza na tarihinsu. Abin da zai taimake ka shi ne raba ƙuri'a bisa yawan tashin bara, kamar yadda SUSTAIN ya raba masu 2 zuwa 4 da masu 5 zuwa 10, sannan a saka wannan a cikin nazari, domin yana cinye wani ɓangare na bambancin da k ke aunawa. Kuma ka bi kowane yaro shekara cikakkiya, kada wani ya samu damina biyu wani ya samu ɗaya.

Saura mutuwa da ɓacewa. Wanda ya rasu ba ya sake tashin ciwo, saboda haka maganin da ke kashe masu tsananin ciwo zai fito kamar yana rage tashi, wanda ke raya su kuma zai fito kamar yana ƙarawa. Masu binciken ciwon zuciya sun fi kowa fama da wannan. Gwajin PARAGON-HF na 2019, mai mutum 4,822, ya haɗa dukkan kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya da mutuwa ta dalilin zuciya a ma'auni ɗaya, ya samu rabo na 0.87 da iyakoki daga 0.75 zuwa 1.01, wato ya tsaya a bakin layi, tunda rabon 1 yana nufin babu bambanci, duk da aukuwa kusan 1,900. Haɗa mutuwa da kwanciya yana daidaita abubuwan da ba daidai suke ba, shi ya sa aka samar da wasu hanyoyi: ta Ghosh da Lin, wadda ke lissafa matsakaicin aukuwa tare da sanin cewa mutuwa ta rufe ƙofa, tsarin da ke nazarin aukuwa da mutuwa tare ta hanyar raunin jikin mutum da ke ƙara masa haɗarin duka biyun, da rabon nasara na Pocock da abokan aikinsa na 2012, wanda ke kwatanta mutane bibbiyu yana fara duba mutuwa. A gwajin yara na shekara ɗaya da kulawa ta kusa, mace-mace za su yi kaɗan, don haka ya isa ka ba da rahotonsu dabam, ka rubuta tun farko yadda za a yi da su, ka kuma gwada ko sakamakon yana canzawa idan an ƙirga mutuwa a matsayin mafi munin sakamako. Ɓacewa ce za ta fi damunka, domin ba a ɓacewa haka kawai: iyali sukan daina zuwa ko don yaro ya samu sauƙi ko don sun yanke ƙauna sun koma wani wuri. Yaron da ya daina shan magani bai fita daga gwaji ba, a ci gaba da kiran iyayensa a waya ana rubuta tashinsa har wata na 12.

Kafin ka kai kundin gaban kwamitin ɗa'a da hukumar NAFDAC, ka sa masanin ƙididdigarku ya kwaikwayi gwajin a kwamfuta sau dubbai, da manhajar R ko Stata, yana saka sauyin yanayi, ɓacewar da ta fi yawa a cikin masu tsananin ciwo, kwanakin da ake cirewa bayan kowane tashi, da k mabambanta. Lissafin da na nuna a sama yana ɗauka cewa an bi kowa daidai kuma haɗari bai canza ba, kwaikwayon ne zai nuna maka yadda ƙarfin gwajin yake idan waɗannan zato sun karye. Idan kuma kana da niyyar duba sakamako a tsakiya domin yiwuwar tsayawa da wuri, a tsara lokacin dubawar bisa yawan hujjar da ta taru, wadda ta dogara da k da yawan yara da tsawon bi, ba bisa yawan tashin da aka ƙirga ba, domin rabin tashin da ake tsammani yana iya taruwa daga 'yan yara kaɗan da suka fara shiga.